"Ai soket ɗaya ne": kuskuren da ke cinye kuɗin masu canza firosesa

Wannan watan kaɗai mutum uku ne suka kira ni da matsala iri ɗaya, sun sayi firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sun ɗora a tsohon madabod, babban faifan da ake haɗa duk kayan kwamfuta a kansa, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Da na tambaya me ya sa ka saya, sai ka ji an ce ai soket ɗinsu ɗaya ne, wato mazaunin firosesa a kan madabod. Na gaji da maimaita amsa a waya wallahi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona min rai. A 2018 ina da madabod H110 da firosesar Intel i3-6100 a kai, soket ɗinsa LGA1151. Na yi watanni ina tara kuɗi na sayo i5-8400, na duba kwalin an rubuta LGA1151, na ce shikenan. Na dawo gida na cire tsohuwar, sabuwar ta zauna daram, ƙarfen matsewa ya rufu ba gardama, na shafa man sanyaya na mayar da fanka na danna makunni. Shiru. Na cire ram na goge na mayar, na cire batirin madabod, na canza kebul na allo, har bayan isha'i ina fama. Washegari na koma wajen mai shagon ya juya firosesar ya ga alamar man a jiki ya ce shi ba ya karɓar abin da aka riga aka ɗaura. Haka na ƙara cin bashi na sayi madabod B360 kafin na ga haske a allon nan.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne LGA1151 iri biyu ne. Na farko ya fito a 2015 yana ɗaukar firosesa janareshan na 6 da na 7 a kan cipset jerin 100 da 200, cipset shi ne guntun da madabod ke samun suna daga gare shi, kamar H110 ɗina. Da Intel ta kawo janareshan na 8 a ƙarshen 2017 sai ta bar suna da yawan fil yadda suke, amma ta canza aikin wasu daga cikin fil ɗin wajen kai wuta, don haka na 8 da na 9 sai cipset jerin 300 irin B360, i5-8400 ɗina kuma na 8 ce. Suna ɗaya, rami ɗaya, amma ba sa aiki da juna. Kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba, a LGA1200 ma madabod H410 da B460 ba sa ɗaukar janareshan na 11 duk da cewa soket ɗin nasu ne. Tun daga ranar ni ba na kallon sunan soket kuma. Ina karanta lambar madabod ɗin da ke rubuce a jikinsa, in shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, in buɗe jerin firosesa da yake ɗauka, idan ban ga lambar tawa baƙi da fari a wurin ba, kuɗina ba ya fita daga aljihu ko mai kaya zai rantse da me.

To wai shekara nawa soket ke yi? A wajen Intel ka duba da kanka: LGA1155 a 2011, LGA1150 a 2013, LGA1151 a 2015, LGA1200 a 2020, LGA1700 a 2021, LGA1851 a 2024. Galibi janareshan biyu ne a tashi, LGA1700 ne ya samu uku, na 12 da 13 da 14, kuma na 14 ɗin kusan na 13 ne aka ɗan ƙara wa gudu. Kamfanin AMD kuma soket ɗinta AM4 ya daɗe sosai, firosesocinta Ryzen na farko sun hau kansa a 2017, jerin 5000 suka zo a 2020, 5800X3D a 2022, har 2024 ana fitar da sababbi irin 5700X3D. AM5 ya fito a 2022 kuma kamfanin ya ce zai riƙe shi har 2027 ko fiye.

Amma wannan daɗewar ta AM4 ita ce ta jefa ni kuskure na biyu. Ina da madabod B350 da Ryzen 5 1600, da na ji a 2022 an buɗe wa tsofaffin madabod jerin 300 na AMD damar ɗaukar Ryzen 5000 sai na yi murna na sayar da 1600 ɗin da safe don in cika kuɗi, na ɗauko 5600 da yamma. Na ɗora, allo baƙi. Dalili? BIOS ɗin da ke cikin madabod, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, tsoho ne bai san sabuwar firosesa ba, sabunta shi kuma sai da firosesa wadda ya sani, ita ce kuma na sayar da hannuna. Madabod ɗin ba shi da maɓallin nan na baya da ke sabunta BIOS daga filashi ba tare da firosesa ba. Kwana tara kwamfutar na ajiye, aikin mutane na hannuna suna ta kira, sai da wani abokina ya yarda ya kwance tasa ya ara min firosesa na awa biyu. Don Allah jama'a, BIOS ake fara sabuntawa tun tsohuwar firosesa na kai, a tabbatar ya hau, sannan a canza, sannan a yi maganar sayarwa. Kuma ka karanta bayanin da ke gefen fayil ɗin, wasu madabod sai ka fara hawa wani BIOS na tsakiya kafin na ƙarshe, wasu kuma wurin ajiyar BIOS ɗinsu megabait 16 ne kawai, sai da aka cire tsofaffin firosesa irin A-series kafin sababbin su samu wuri. Ni dai ba na taɓa wannan aikin sai a kan inbata ko UPS mai cikakken caji, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa madabod na iya mutuwa gaba ɗaya.

Yanzu ku kuma masu zuba kuɗi a madabod mai tsada wai don gaba, da ku nake. Ka sayi madabod na manya ka ɗora masa firosesa mafi arha kana cewa nan da shekara uku zan canza, waye ya ba ka tabbacin nan da shekara ukun soket ɗin na raye? Ko AMD da ake yabo, a 2020 sai da ta sanar cewa B450 da X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, mutane suka yi caa a kanta kafin ta janye. Masu Threadripper na farko, manyan firosesocin AMD, kuwa soket ɗinsu TR4 na 2017 ne, a 2019 aka kawo sTRX4 da yawan fil iri ɗaya amma ba ya ɗaukar nasu, nasu ma ba ya ɗaukar sababbin. Alkawarin kamfani ba kuɗi ba ne a aljihunka. Ni tsarina shi ne in sayi abin da zai yi min aikin yau, matsakaicin madabod da firosesa mai ƙarfi, in ya zo daga baya akwai abin hawa sama a tokumbo da arha to alhamdulillahi. Wasu za su ce ba haka ba, su ma da hujjarsu, ni dai abin da na gani ke nan.

Sai masu sayen tsofaffin kwamfutocin ofis na tokumbo. In cikinta janareshan na 6 ko na 7 ne, hawanta ba ya wuce i7-7700 ko 7700K, kuma waɗannan ba sa cikin jerin da Windows 11 ke ɗauka a hukumance, ga Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Ka yi lissafi da wannan kafin ka biya.

Sauran ƙanana ne. AM5 da LGA1851 ram nau'in DDR5 kawai suke ci, LGA1700 kuma ya danganta da madabod, wani DDR4 wani DDR5, ba sa musanya. Fankar LGA1200 ba ta zama a LGA1700 sai da wani ƙarfen ɗauri daban saboda an canza tazarar ramukan. Kar ka ɗora Ryzen 9 a kan madabod A320 mai arha ko da yana cikin jeri, sashen wutarsa zai yi zafi ya riƙa rage gudu, balle a watan Afrilu a ɗakin da ba AC. Laftof kuwa kusan duk na shekarun nan firosesa a like take da dalma, ba a canzawa, kar wani ya yaudare ka.

In za ka cire fanka daga AM4, bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, ka kashe, sannan ka murza fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. In ka fizga a sanyi tana tahowa da firosesar manne a ƙasanta, fil ɗin nan 1331 kuma a jikin firosesar suke, siraran gaske, guda ɗaya ya karye a wuri mai muhimmanci ramin ram ɗaya na iya daina aiki.