Yadda zaka karanta littafin makasa da ɗaukar fansa, ka faɗi ra'ayinka ba tare da ka zalunci littafin ba

Irin littattafan nan na almara masu duhu nake nufi, inda za'a kashe iyayen yarinya a gaban idonta, ta tsira da kyar, wata ƙungiyar makasa ta ɗauketa ta koya mata wuƙa da guba da tsafi, bayan shekara goma ta dawo tana bin waɗanda suka yi aikin ɗaya bayan ɗaya. In ka saurari masu karatu bayan sun gama irin wannan littafi kusan kullum gida uku suke rabuwa. Akwai wanda zai ce wallahi bai taɓa karanta abu mai daɗi haka ba, ka tambayeshi me ya burgeshi yace kawai ya haɗu. Akwai wanda zai ce marubucin nan bashi da imani, jini yayi yawa, ya ajiye a babi na biyar. Sai na ukun da ya kai ƙarshe yana huci saboda jarumar bata samu farin ciki ba, ko an kashe wanda yake so. Duk su ukun abinda suka ji a ransu gaskiya ne, amma babu wanda ya gaya maka komai akan littafin, kansu kawai suka baka labari.

To abinda nake so ka iya kenan, ka raba "abin ya min ciwo" da "marubucin ya kasa". Ba abu ɗaya bane sam, kuma a wannan nau'in rubutun sau da yawa ciwon shine alamar marubucin ya iya aikinsa.

Fara da sanin me ka ɗauka tun kafin ka buɗe. Turawa suna kiran ɓangare mafi tsanani na irin wannan rubutu grimdark, kalmar daga taken wasan Warhammer 40,000 ta fito, wasan da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, kuma abinda take nufi shine duniyar da babu mutumin kirki tsantsa a cikinta, sarki azzalumi, ɗan tawaye ma azzalumi, wanda kake goyon baya shima hannunsa dumu-dumu da jini. In ka shiga kana jiran jarumin da zai ceci kowa a ɗaura aure a shafin ƙarshe, kai ka ɓata hanya, ba littafin ba. Duba gargaɗin abubuwan da ke ciki in akwai, wasu mawallafa suna sawa a farkon littafi, kuma a manhajar StoryGraph masu karatu da kansu suke jera su, azabtarwa, fyaɗe, kisan yara da sauransu. In akwai abinda kasan zuciyarka bazata ɗauka ba kada ka gwada jarumta, ajiye abinka, babu wanda yake rabon lambar yabo. Ka duba kuma ko littafin na farko ne a jerin guda uku, dan mutane da yawa suna zagin ƙarshen labari alhali ba ƙarshen bane, marubucin ya tsaya shan iska ne.

Da ka fara karatu ka samu inda zaka dinga rubuta abu kaɗan, ko a waya ne. Ni abu biyu nake rubutawa. Na farko sunayen waɗanda jarumar take farauta da laifin kowannensu, saboda littattafan nan suna da yawan sunaye da sarautu da gidaje, ka kai shafi na ɗari uku ka manta waye ya bada umarni waye ya riƙe ƙofa kawai. Kuma wannan bambancin yana da muhimmanci sosai, marubucin da ya san me yake yi bazai sa duk mutanen jerin su zama dodanni iri ɗaya ba, zai saka maka wani wanda lokacin da abin ya faru yaro ne mai gadi da aka ce ya tsaya ya tsaya, yanzu yana da 'ya'ya, sai kaga ya jarumar zata yi dashi. Anan ake gane littafi.

Na biyu, kuma wannan shine ma'aunina na gaske, bayan kowane kisa na kan rubuta me ta rasa. Ba me ta samu ba, me ya fita daga hannunta. Barci ne, ƙawa ce, wani alkawari ne da ta yi wa kanta cewa bazata taɓa wanda bashi da hannu ba sannan ta taɓa? Ana cewa ramuwar gayya tafi gayya zafi, to zafin nan ya kamata ka ganshi a jikin mai ramuwar ma, ba a jikin wanda ake rama wa kaɗai ba. In ka kai rabin littafi layin "me ta rasa" babu komai a ciki, ta kashe mutum shida tana nan yadda take tana ba'a tana gyara gashi, to kana da hujjar da zaka ce littafin yayi sakaci, kuma hujja ce da zaka iya nunawa da shafi. In kuwa layin ya cika har kai kanka ka fara jin tsoronta, kana cewa baiwar Allah ki tsaya haka, to littafin yana aiki ko da baka jin daɗi.

Haka jinin ma. Tambayar ba wai yayi yawa ko yayi kaɗan bace, tambayar in aka cire wannan wurin me zai canza. Akwai azabtarwar da in ka cireta labarin ya rushe dan daga nan ne mutum ya karye ya ci amanar 'yan uwansa. Akwai kuma wadda shafi huɗu ne na bayanin yadda ake cire farce, ka tsallake ka cigaba baka rasa komai ba. Ta biyun ita ce ake kira da cika shafi, kuma ka faɗa kai tsaye ba kunya.

Wani abu da ke taimakawa, kasan kaɗan daga tarihin da marubutan nan suke ɗiba. Yawancin ƙungiyoyin makasa na cikin almara, masu sansani a kan dutse da tsohon shugaba da almajirai masu biyayya har mutuwa, an gino su ne akan Nizariyawa, wani reshe na Isma'iliyya. Shugabansu Hasan Sabbah ya karɓe sansanin Alamut a arewacin Iran a 1090. A 1092 aka kashe Nizamul Mulk, babban wazirin daular Saljuk, wanda ya kasheshi ya zo ne a shigar sufi kamar mai kawo koke. Sun kai wa Salahuddin hari sau biyu ya tsira, a 1192 kuma suka kashe Konrad na Montferrat, wani jagoran mayaƙan Kiristocin Turai, a birnin Taya na Lebanon ta yanzu ana gab da naɗa shi sarkin Kudus. Mongol ne suka karɓe Alamut a 1256. Sunan Hashshashin da kalmar assassin ta Turanci, wato makashi, ta fito daga ciki maƙiyansu ne suka laƙaba musu, labarin lambun aljanna da ake bugar da samari a kaisu kuma ta bakin irinsu Marko Polo ya yaɗu a Turai, masana tarihi basu ɗaukeshi da gaske ba.

Me yasa na kawo wannan? Saboda mutanen nan da wuƙa suke aiki, a bainar jama'a, bayan sun daɗe suna ɓadda kama a kusa da mutum, kuma galibi basa tsira bayan aikin. Wato aikin haƙuri ne da jira, watanni kana matsayin bawa ko mai gadi. To in littafi ya nuna maka wannan jiran, yadda mutum zai zauna da wanda zai kashe har ya fara sabawa dashi, kada ka ce labarin yana jan ƙafa, nan ne naman yake. In kuma jarumar kullum ta tagar bene take shigowa ta kashe masu gadi ashirin ta fita ko ƙwarzane babu, ba laifi bane kaji daɗi, amma ka san wasan tsalle-tsalle kake karantawa, ka auna shi da ma'aunin wasan tsalle-tsalle. Guba ma haka, abinda yasa sinadarin arsenik ya daɗe yana cin kasuwa a Turai shine bashi da wani ɗanɗano mai ƙarfi kuma alamunsa suna kama da na kwalara, sai a 1836 James Marsh ya fito da gwajin da ke gano shi da kyau. Marubucin da ya damu zai gaya maka me yasa ba'a gane gubar duniyarsa ba. Amma fa kada ka wuce gona da iri, almara ce, in akwai tsafi a duniyar ba'a tambayar ko zai yiwu, ana tambayar ko marubucin ya bi dokar da shi da kansa ya kafa. Yace tsafin inuwa yana cin shekara ɗaya daga rayuwar mai yinsa, sai a babin ƙarshe aka yi shi sau goma ba abinda ya faru, to wannan kam kamashi.

Ka gama? Kada ka rubuta komai a daren. Na sha yin wannan kuskuren, na taɓa gama wani littafi ƙarfe biyun dare an kashe min wanda nafi so, na zauna na zazzage masa zagi na bashi makin tauraro ɗaya cikin biyar, bayan kwana uku ina wanka abin ya dawo min na gane ai tun babi na uku aka nuna mutuwar nan tana zuwa, ni ne na ƙi gani. Bari ya kwana biyu. In har lokacin kana tuna mutanen ciki kana musu da su a ranka, wannan ma bayani ne da ya kamata ya shiga sharhinka.

Wajen rubutawa, fara da gaya wa mutane kai wane irin mai karatu ne, layi ɗaya ya isa, "na saba da irin waɗannan" ko "wannan ne na farko da na gwada". Wanda ya karanta talatin yace jinin bai kai ya kawo ba da wanda bai taɓa ba yace ya kasa barci, duk gaskiya suka faɗa, amma mai neman shawara yana buƙatar yasan bakin wa yake saurara. Sai ka faɗi tushen labarin iya abinda bangon baya ya faɗa, kada ka ƙara. Daga nan ka kawo abu ɗaya da yayi aiki da abu ɗaya da bai yi ba, kowanne da misali. "Jarumar ta burgeni" ba sharhi bane. "Ta burgeni dan duk lokacin da zata yi kisa sai ta ƙirga matakan bene, kuma daga baya ka gane tun daren da aka kashe gidansu take wannan ƙirgen" shine sharhi. Sannan ka ware abinda yake na ɗanɗanonka ka kirashi da sunansa, kace ni dai bana son labarin da ake cutar da yara a ciki shiyasa ya min nauyi, ba kace littafin banza bane.

Maganar fasa ƙwai kuma, wato tona yadda labari ya ƙare. Akwai wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego a 2011 da ya nuna sanin ƙarshen labari bai rage wa mutane jin daɗinsa ba, masu son tona asiri suna yawan kafa hujja dashi, amma gajerun labarai aka gwada, ba littafi mai shafi ɗari shida da mutum ya kwashe sati biyu yana zargin kowa ba. A labarin fansa rabin daɗin shine waye maci amanar, kuma zata kashe na ƙarshen ko zata fasa. Shafin sharhin littattafai na Goodreads yana da hanyar ɓoye irin wannan wurin sai wanda ya danna zai gani, yi amfani da ita, in kuma a hira ne tambayi mutum ina ya kai tukunna. Kuma ka sani "bazan faɗa ba amma ku shirya kuka a babi na arba'in" shima fasa ƙwai ne, haka "kada ku yarda da malaminta". Wani abokina haka ya min, wai shi bai faɗi komai ba.

Taurari kuma ni yadda nake yi, ina tambayar ko littafin ya cika alkawarin da ya ɗauka a babin farko, ba ko ya bani abinda nake so ba. Zan iya ba littafi huɗu cikin biyar kuma in rubuta a ƙasa cewa bazan sake karanta shi ba har abada. In baka gama ba ka faɗi shafin da ka tsaya da dalili, wannan yana da amfani ga wani, amma kada ka yanke hukunci akan ƙarshen da baka gani ba.

Sai rigimar da bata ƙarewa, wani zai ce maka tunda kana son jarumar to kana goyon bayan kisa kenan, ko marubucin ne mugu tunda ya rubuta mugu. Kada ka ɗau zafi, tambayeshi kawai a wane wuri littafin ya nuna abinda tayi daidai ne. In ya kawo wurin ku duba tare, wani lokacin yana da gaskiya, akwai littattafan da suke tafa wa jarumarsu duk abinda ta aikata kuma duk wanda ya ƙalubalanceta a ciki sai an maida shi wawa ko an kashe shi a babi na gaba. In bai kawo ba sai ka buɗe masa wancan layin naka na "me ta rasa" ka fara karanto masa daga kisa na farko.