Yadda za ka gane ko gwamnati na kula da tsohon daji ko katako kawai take nema

Da farko dai kar lissafin hekta ya ruɗe ka. In hukuma ta ce daji ya ƙaru, tambaye su wane irin daji, don a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, in fili ya wuce rabin hekta, bishiyoyi sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin 100, shi ke nan ya zama daji, ko da itatuwan katako ne iri ɗaya aka dasa layi-layi. Ka ga kenan ana iya sare kurmin da ya shekara ɗaruruwa a yi dashe a wurin, a takarda kuma ba abin da ya ragu. An yi hakan a Birtaniya, hukumar gandun dajinsu da aka kafa a 1919 tana cikin waɗanda suka maye tsoffin dazuka da itatuwa masu saurin girma bayan yaƙin duniya na biyu, yanzu kuma ana ta faman cire su a hankali.

Sai ka shiga da ƙafarka. Tsohon daji ba shi da tsari, ga ƙatuwar bishiya mai kogo, ga 'yan ƙanana sun taso inda wata ta faɗi rana ta samu shiga, ga gungume kwance yana ruɓewa naman kaza ya fito masa, in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Wannan mataccen icen fa shi ne gidan ƙwari da tsuntsaye, in ka tarar an kwashe shi tas wai an gyara, to ɓarna aka yi. Duba kututture ma, in duk manyan aka bi aka yanke to kuɗi ake bi.

Amma ba kowace sara ba ce laifi, rage cunkoso a dashe da share hanyar tare gobara aiki ne na gaskiya.

Daga nan nemi takardu, taswirar da ta nuna ɓangaren da aka hana taɓawa, wa aka ba lasisi, bishiya nawa, shekara nawa kafin a dawo wurin. A Ingila duk dajin da yake nan tun 1600 ana sa shi a rukuni na daban, to ka tambaya ko hukumar ƙasarku ma tana da irin wannan rukunin. Ka kuma tambayi inda kuɗin gudanar da hukumar ke fitowa, in daga sayar da katako ne sai ka ƙara sa ido, ka riƙa ɗaukar hoton kututturen da kwanan wata a jiki.