Yadda ake bin diddigin asalin kalmar "battery"

Mai son gano tushen wata kalmar Turanci ta fannin lantarki ya fara ajiye ma'anarta ta yau a gefe, domin ita ce ke saurin ɓatar da mai bincike. Kalmar "battery", wadda Hausawa suka mayar batir, misali ce mai kyau, saboda ta girmi ilimin lantarki nesa ba kusa ba.

Da farko a nemi ƙamus mai kawo tarihin kalmomi tare da shekarun da aka fara rubuta su, irin babban ƙamus na Oxford, domin ƙamus ɗin makaranta ma'ana kawai yake bayarwa. A can za a ga cewa kalmar ta shiga Turanci daga Faransanci a ƙarni na 16, kuma tushenta "battre" ne, wato duka. Daga duka ta koma luguden wuta a kan ganuwar gari, sannan ta zama sunan jerin igwa da ake girkewa wuri ɗaya suna harbi tare.

Daga nan sai a nemi wanda ya fara ɗora ta a kan kayan lantarki, kuma a karanta abin da ya rubuta da kansa. Wannan matakin ne ya fi cancantar a ba shi lokaci. A 1749, masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin ya rubuta wa abokinsa Peter Collinson wasiƙa daga Filadelfiya zuwa Landan, inda ya bayyana gilasan taga goma sha ɗaya da aka manna wa falle-fallen dalma a kowane gefe, aka haɗa su da waya domin su tara caji su sake shi a lokaci guda, ya kuma kira su "battery". Kamar yadda igwa da yawa ke tashi tare, haka gilasan ke sakin wutarsu tare, shi ya sa sunan ya dace. A lura cewa kayan Franklin ba sa samar da wuta, ajiye ta kawai suke yi. Sai a 1800 Alessandro Volta na Italiya ya sanar da na'urarsa ta faya-fayan ƙarfe iri biyu da aka jera bisa juna, da kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, wadda ke ba da wuta ba yankewa, kuma sunan ya bi ta.

Yana da amfani a leƙa wani harshe don gwadawa. Faransawa har yau suna kiran batirin tocila "pile", wato tsibi, saboda yadda Volta ya tsiba faya-fayansa, amma na mota "batterie" suke ce masa.

A ƙarshe a gwada tarihin da abin da ke hannu. Batirin mota irin wanda ake zuba wa ruwa yana da murfi shida a samansa, kowane murfi da ɗakinsa mai ba da kusan volt 2 (volt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki), waɗanda aka haɗa a jere suka ba da volt 12. Ma'anar jeri da Franklin ya nufa tana nan a cikinsa, yayin da batirin tocila ƙwaya ɗaya ɗaki guda ne tak, sunan kawai ya gada.