Motar da ta mutu a ƙofar gida, ga yadda za ka rabu da ita

Kusan kowace unguwa a Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, za ka ga mota an ɗora ta kan bulo, rana ta cinye fenti tayu sun tsattsage awaki na kwana ƙarƙashinta, mai ita kuma kullum cewa yake in Allah ya hore zai tada ta. Malam in bakanike biyu sun gaya maka kuɗin gyara ya fi kuɗin motar, kai ta gwangwan kawai.

Amma fa kar ka kira ƴan gwangwan tukuna. Su kilo suka sani, ƙarfe ne a wurinsu ko inji na tashi ko ba ya tashi. Fara kiran bakaniken da ka yarda da shi ya duba inji da giyabos, in da sauran rai masu sifeya za su saya daban kuma da daraja. Haka batir saboda dalmar cikinsa, lagireto, altaneta, rim in na alminiyom ne, da wayoyi don jan ƙarfen da ke ciki, cire su aikin riwaya ne, wato mai gyaran wayoyin mota. Sai abin nan na jikin salansa da makanikai ke kira indomi, kar ka yarda a ce maka shara ne, akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinom shi ya sa ake sace shi, wani lokacin ma tun a gareji an riga an kwashe maka ba ka sani ba.

A tsiyaye fetur da baƙin mai a jarka kafin mai walda ya sa wuta, tanki ko babu mai a ciki, tururinsa na iya fashewa. Kuma don Allah kar a zubar a kwata.

Gangar jikin ita za ta hau sikeli. Tambayi mutum uku farashin kilo, ka tsaya da kanka wurin awo, kuma ku yanke tun farko waye zai biya janwe.

Inda mutane ke sakaci shi ne lamba da takardu. Cire lambar motar gaba da baya ka tafi da ita gida, fatikula ma, wato takardun motar, kar ka bayar ko an ƙara maka kuɗi, don ana liƙa su a motar sata, ranar da aka kama sunanka ne zai fito. Ɗauki hoton lambar chasis, in da hali a yanke wurin a gabanka. Ku rubuta takarda da kwanan wata cewa gwangwan ka sayar ba motar hawa ba, da shaidu biyu, sannan ka je ofishin da ke sabunta takardun mota ka sanar da su ta daina aiki.

In ta gado ce, sai duk magada sun yarda kafin a kwance ko noti ɗaya.