Yadda Za a Bi Diddigin Ciwon Huhu Mai Daɗewa a Gida

Ciwon huhu mai daɗewa, irin wanda hayaƙin taba ko na itacen girki ke jawowa, ko tabon da tarin tibi ya bari bayan an warke, ba ya kayar da mutum rana ɗaya. A hankali yake cin ƙarfinsa, shi kuma yana rage ayyukansa ba tare da ya lura ba, har iyali su ɗauka tsufa ne. Shi ya sa nake ganin ƙaramin littafin rubutu yana da matuƙar amfani.

A zaɓi aiki guda da aka saba yi kullum ya zama ma'auni. Ga magidanci, tafiya daga gida zuwa masallacin unguwa ta wadatar: sau nawa ya tsaya ya huta? Ga uwargida, sharar tsakar gida ko ɗibar ruwa. Kowace Juma'a a rubuta wannan, tare da launin majina da yawanta, da dararen da tari ya hana barci, da sau nawa aka shaƙi maganin buɗe numfashi.

Wurin kwatantawa ne ake yawan kuskure. A Katsina, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo da ƙurar hunturu kan tsananta tari da sarƙewar numfashi, don haka a gwada hunturun bana da na bara, ba da damina ba. Wanda bara yake isa masallaci kai tsaye, bana kuma sai ya tsaya sau biyu, ciwonsa ya ci gaba ko da yana cewa da sauƙi, kuma dattawanmu sun fi son su ce da sauƙi.

Kada a jira Juma'a idan majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ko jini ya fito, ko ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya gagara alhali mutum yana zaune. Ranar za a tafi asibiti. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a miƙa wa likita littafin, a kuma tambaye shi gwajin hura iska cikin na'ura, wanda ke nuna ƙarfin huhu.

A rubuta har abin da ciwon ya raba mutum da shi: kasuwa, gona, zuwa suna ko ta'aziyya. Damuwa da kaɗaici suna yawan biyo wannan ciwo, kuma likita ba zai san da su ba sai an gaya masa.