Yadda ake amfani da eSIM na tafiya a ƙasar waje

eSIM layin waya ne da ake saukewa cikin wayar ba tare da saka katin SIM ba. Kafin ka biya kuɗinsa, danna *#06#. Idan lambar EID (lambar shaidar sashen eSIM na cikin wayar) ta fito, wayarka na ɗaukar eSIM, muddin ba a kulle ta da kamfanin layi ɗaya ba.

Saka eSIM ɗin tun kana gida da Wi-Fi: shiga saitin layi, ka yi sikanin lambar QR da mai sayar da eSIM ɗin ya aiko maka. Yawanci sau ɗaya take aiki, don haka kada ka goge layin bayan ya shiga.

Da saukarka, zaɓi eSIM ya zama layin data, ka kunna masa romin, wato damar yin aiki a kan layukan wata ƙasa. Kashe romin ɗin data na layinka na gida, domin nan ne kuɗi ke zurarewa. In intanet ta ƙi, duba APN (saitin da ke haɗa layin da intanet), sannan ka sake kunna wayar.