Yadda Ake Kwatanta Girma da Nauyin Zoben Daimon Kafin a Biya Kuɗi

Wanda ya saba sayen gwal ya san a ɗora sarƙa kan sikeli, a ga giram nawa ce, a lissafa kuɗi. Zoben daimon ba haka yake ba, domin nauyi biyu ne a jikinsa, na dutsen da na ƙarfen da ya riƙe shi, kuma kowanne da ma'auninsa.

Dutsen ana auna shi da karat. Karat ɗaya giram 0.2 ne, wato karat biyar ke yin giram ɗaya, kuma ana raba kowane karat gida 100. Kada a rikita shi da karat ɗin gwal, wanda ke nuna tsantsar zinare ne kawai. Idan ka leƙa cikin zobe ka ga hatimin 750, gwal ne mai karat 18. 585 karat 14 ne. 875 kuwa karat 21. Wannan hatimi bai ce komai game da dutsen ba.

Abin da ya fi ruɗar masu saye shi ne ɗaukar karat a matsayin girma. Ido faɗin fuskar dutse yake gani, don haka milimita za ka tambaya. Daimon zagayayye da aka yanka da kyau, mai karat ɗaya, faɗinsa kusan milimita 6.5 ne. Mai rabin karat yana kusan 5.1, mai karat biyu kuma kusan 8.1. Ka ga nauyi ya ninka, amma faɗin ko milimita biyu bai ƙaru ba, saboda ƙarin ya rabu ne tsakanin faɗi da zurfin dutsen da ƙarfe ke rufewa.

A nan ne ake cutuwa. Sai a samu dutse mai karat ɗaya cif amma faɗinsa milimita 6.1 kawai, domin mai yankan ya bar shi da zurfi ko da kaurin gefe don kada ya faɗo ƙasa da karat ɗaya, inda farashi ke yin tsalle. Ka biya kuɗin nauyin da ba za a gani ba, ga shi haske yana zurarewa ta ƙasa, tsakiyar dutsen ta yi duhu. Wanda aka yanka shi fayau, ba zurfi, yana da faɗi amma ba ya walƙiya. Ga zagayayye, nemi wanda zurfinsa ya kai kashi 59 zuwa 62.5 cikin ɗari na faɗinsa. Takardar shaidar dutse, irin wadda cibiyar GIA ta Amurka ke bayarwa, tana ɗauke da faɗi da zurfi duka. Dutse mai karat 0.90 da aka yanka da kyau ya fi mai karat 1.00 mai zurfi, a ido da kuma a aljihu.

Siffa ma tana sauya lissafi. A nauyin karat ɗaya, mai kusurwa huɗu da ake kira firinses kusan milimita 5.5 ne kowane gefe, don haka ya fi zagayayye ƙanƙanta a ido. Mai siffar ƙwai yana kai 7.7 a tsawo da 5.7 a faɗi. Mai siffar kwalekwale, mai tsini biyu, yana kai 10 da 5, kuma shi ya fi cika yatsa. Sai dai dogayen nan sukan nuna wata inuwa baƙa a tsakiya, don haka a juya su a hasken rana a duba, kuma tsininsu na iya ɓantarewa idan ƙarfe bai rufe shi ba.

Sai ɗaurin dutsen. Zobe mai dutse tilo a kan faratan ƙarfe huɗu da ke riƙe shi yana bayyana dutsen sosai. Farata shida sun fi riƙo amma suna rufe gefensa. Wanda aka kewaye babban dutsen da ƙananan duwatsu yana sa rabin karat ya yi kamar ɗaya daga nesa. A irin wannan, da wanda aka cure ƙananan duwatsu wuri guda, mai shago yakan faɗi jimillar nauyi ne. Duwatsu ashirin da suka haɗu suka yi karat ɗaya ba su kusa da darajar dutse guda mai karat ɗaya ba. Ka sa a rubuta maka nauyin na tsakiya daban a rasit.

Idan dutsen yana ɗaure ba za a iya ɗora shi kan sikeli ba, amma maƙeri na iya ƙiyasta zagayayye: faɗi sau faɗi sau zurfi, duk a milimita, sau 0.0061. Dutse mai faɗin 6.5 da zurfin 4.0 zai ba da kusan karat 1.03. Wanda ba a ɗaura ba kuwa, sikeli na iya tona jabu, domin zirkoniya, dutsen da ake ƙerawa don kwaikwayon daimon, ya fi daimon nauyi da kusan ninki 1.7 a girma ɗaya.

Nauyin da hannu ke ji kusan duk na ƙarfe ne. Zobe ɗaya idan aka ƙera shi da filatinum ya fi na gwal mai karat 18 nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma mai 18 ya fi mai 14. Siririn zobe yana ƙara wa dutse girma a ido, amma wanda bai kai milimita 1.8 ba yakan lanƙwashe a hannun mai aiki, faratan su saki. Mai faɗi kuma yana matse yatsa, don haka a ƙara rabin lamba a awo, a kuma gwada da yamma lokacin da yatsa ya ɗan kumbura.